Santsi ko kaushi: abin da yatsa ke nema a jikin maɓalli

Mai girki idonta na kan tukunya, yatsa ne ke laluben maɓallin murhu. Idan duk maɓallan shafe suke, masu santsi, girmansu ɗaya, dole ta tsaya ta duba, ko ta danna wanda ba shi ba.

Masu ƙera waya sun daɗe da gane haka. Shafa lamba 5 a ƙaramar waya ko na'urar POS, za ka ji ɗan tudu. Haka harafin F da J a madannin kwamfuta. Daga nan yatsa ke gane sauran, ko a duhu ne, ko ga makaho.

A kicin abin ya fi tsanani, saboda hannu ba ya rabo da ruwa ko maiƙo. Abin murɗa wutar murhun gas, idan zagayayye ne sumul, zamewa yake a hannun da ya taɓa manja. Mai tsagi-tsagi a gefe ya fi, wanda kuma ya fi duka shi ne mai doro a tsakiya: yatsu biyu su kama, doron kuma ya gaya maka inda wuta take ba sai ka sunkuya ba. Aibin tsagi ɗaya ne, yana tara maiƙo da ƙurar hunturu, sai an bi shi da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. Shi kuwa allon gilashi na murhun lantarki, mai aiki da taɓawa kawai, gogewa ba wuya, amma ruwan da ya zube a kansa kan ruɗa shi, ya ƙi amsawa ko ya kashe kansa.

Kada ku ruɗu da laushin robar nan da ake shafa wa wasu rimot da fitilu. Da ta sha zafi ta kwana biyu sai ta koma danƙo. Sifirit a tsumma yana cire ta. Fetur ko tina kuwa jikin na'urar za su ci, su share rubutun.

Idan an riga an sayi na'ura mai shafaffun maɓallai, a ɗiga jan farce a kan na kunnawa, sau biyu ko uku, ana barin kowanne ya bushe, har ya yi ɗan tudu. Maɓalli ɗaya ko biyu kawai za a yi wa, in aka yi wa duka an koma gidan jiya.