Ram ɗin Auta

Laraba. Hazo tun asuba, ko kukar bakin masallaci ba a hangowa daga ƙofar shago.

Kun san abin da kwamfutar nan take yi mini tun makon jiya. Ina tsaka da haɗa katin ɗaurin aure a manhajar CorelDraw sai allo ya rikiɗe shuɗi, ta mutu ta tashi da kanta, aiki ya bi iska. Auta yana gefe yana kallo, ashe ya ƙulla abu a ransa. Jiya da ya raka Kawu Kano, sai ya ɗebi kuɗin riɗin da ya kai Maigatari ya sayo ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, mai giga 8, bai gaya wa kowa ba. Da safe ya miƙo mini a naɗe cikin takarda, bakinsa har kunne: "Yaya, ga maganin ciwon kanka."

Na buɗe akwatin kwamfutar, na cire tsofaffin ram biyun, na danna sabon. Ya zauna daram, maƙullan gefe suka ce ƙas. Na kunna. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai kukan fit-fit-fit daga ciki. Na zare shi na karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa: PC3-10600R. Nan gabana ya faɗi. Mai R a ƙarshe na manyan kwamfutocin ajiye bayanai ne na kamfanoni, irin tamu ta kan tebur mai U take karɓa. Abin da ke ruɗar mutum, dukansu samfurin DDR3 ne, haƙora 240, tsagar a wuri ɗaya, don haka zai shiga gurbin lafiya lau. Da ma DDR4 aka ba shi da sauƙi, shi haƙoransa 288, tsagarsa ta kauce, ko an danna ba zai shiga ba.

"Amma Yaya ya shiga fa. Mutumin cewa ya yi in dai ya shiga shi ke nan."

Na karɓi lambar na kira mai shagon. Bayan gaisuwa na yi masa bayani a natse. Sai cewa ya yi, "Malam, ram ai ram ne, bodinku ne ya tsufa." Na ce ya duba harafin ƙarshe na sauran da ke gabansa. Ya yi shiru, can ya ce kaya in ya fita ya fita. Wannan shirun ne ya tsaya mini a wuya har yanzu, don ya nuna ya sani. Yaro ya zo daga ƙauye da guminsa na damina guda, ko ka tambaye shi wace irin kwamfuta ce? Haba. Auta kuwa ya tsaya jikin injin hoto yana murza takardar da aka naɗo abin, ya kasa ɗago kai. Na ce masa Allah ya yi albarka, kuma har zuciyata na faɗa, amma na ga bai ji ba.

Bayan la'asar na koma kan asalin ciwon. Na kaɗe ƙurar da ta yi kauri a fanka da burushi, na goge haƙoran tsofaffin ram ɗin da kilina har suka yi ƙyalli, na tayar da MemTest86, manhajar gwada lafiyar ram, daga filashi, ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya wuce sumul. Na biyu kuwa ko nisa bai yi ba jan rubutu ya fara zubowa. Na canza masa gurbi, haka dai. Shi ne ɓarawon.

Yanzu da giga 2 take tafiya, tafiyar hawainiya, amma ba ta sake mutuwa ba. Tambayoyin jarrabawar Hedimasta sun fita kafin magariba.

Fetur saura kaɗan a galan. Tawada ma.

Auta bai ci tuwon dare da mu ba. Inna ta tambaya, na ce gajiya ce. Asabar zan rufe shago in bi Kawu Kano, da ram ɗin a aljihu da Auta a gefena, ya nuna mini shagon. Ko ya canza mana da mai U, ko mu je gaban shugaban kasuwa.