Laraba a wani sito a Sharaɗa

Alhajin da ya ba ni aikin sauya fitilun sitonsa ya ce tireloli za su fara sauke kaya bayan la'asar, don haka da sassafe muka isa ni da yarona. Sito ne mai rufin kwano, daga daɓe zuwa ƙarfen da fitilun ke rataye ya kai mita 7. Aikin shi ne mu sauke tsofaffin, mu ɗaura sababbin da na sayo jiya a Sabon Gari, mu kuma ja waya cikin bututu daga bango zuwa bango.

Mun tarar 'yan dako sun jingina wani dogon tsanin alminiyam, har sun goge shi, wai sun rage mana aiki. Na yi musu godiya, na ce su kwantar da shi.

Alhaji ya ce, "Haba Malam, ai tun jiya babu wuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Nepa ba ta sallama in za ta dawo. Ga kuma janaretanka a baya, ga inbata a ofis."

Kowanne daga cikinsu zai iya turo wuta cikin layin idan haɗin bai yi daidai ba. Wutar gida bolt 230 ce, nan kuwa layi uku ne, tsakanin biyu kusan 400. Wanda ya taɓa waya yana kan ƙarfe, ta jikinsa za ta bi ta sauka ƙasa. Ko ma ba ta riƙe shi ba, ɗan fizgar da a ƙasa zai yi tsaki ya yarfe hannu, a sama ita za ta sako shi. Na sauke babban makunni, na danna masa kwaɗo, mukulli a aljihuna, sannan na gwada wayoyin da na'urar awon wuta ɗaya bayan ɗaya.

Amma ko da tsanin faiba ne, wanda wuta ba ta bi, ba na wannan aikin ba ne, kuma nan muka fi daɗewa da Alhaji. Tsani na aikin minti kaɗan ne, inda ƙafa biyu da hannu ɗaya ke riƙe da shi kullum. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ma cewa take in aiki zai wuce minti 30 a nemi wani abin hawan. Mu kuwa za mu wuni muna ɗaga fitila mai nauyi da hannu biyu, kai a ɗage. Sai ya kawo shawarar a ɗora falanki a kan injin ɗaga kaya a cilla ni sama. Na yi dariya don kada ya ji kunya, na ce a'a. Falankin ba shi da kariya ko ta gefe ɗaya, direban kuma hannunsa na iya zamewa. Daga ƙarshe ya yarda a biya hayar sikafol mai taya, wato dandamalin ƙarfe da ake harhaɗawa a tsaya a kai a yi aiki a sama, yana ta ƙorafin kuɗin mota.

Da aka kawo, sai da na bi shi gaɓa-gaɓa. A wani mahaɗi an cusa lanƙwasasshiyar ƙusa a madadin fil, katako ɗaya kuma ya tsage daga baki har tsakiya. Mai hayar ya ce ai haka kowa ke karɓa. Na ce ya canza, ya canza. Muka kulle birkin tayoyin huɗu, muka ɗaura ƙarfen kariya a sama, na sa bel na maƙala shi a ƙarfen rufi, ba a bututun waya ba, don wannan ko buhun gero ba zai riƙe ba. Da muka gama layin fitilu na farko yarona ya ce, "Oga, zauna kawai in tura ka." Na sauko. Daɓen sito duk ramuka ne, taya ɗaya ta faɗa shi ke nan.

Bayan azahar muka koma kan fitilar bakin ƙofa, aikin minti goma, nan tsanin faibana ya yi amfani. Tsayin mita 4 ne, na ja gindinsa mita 1 daga bango, yaron ya taka ya riƙe. A kwance muka ɗauko shi tun daga ciki, saboda babban layi mai bolt 11,000 ya ratsa ta saman katangar, shi kuwa ba ya jiran a taɓa shi, kusanta ma ta isa. Maigadi ya yi mini tayin tsaninsa na katako, irin wanda kafinta ke bugawa da ƙusa a shafe da fenti. Ba na son su: fenti yana ɓoye tsaga, in damina ta jiƙa katako kuma wuta tana binsa.

Tirelar farko ta shigo muna naɗe waya. Layi biyu na can ƙurya sun rage, kaya sun tare wurin, sai gobe. Na roƙi mai hayar ya bar sikafol ɗin ya kwana, Alhaji ya ce kuɗin kwana ɗayan mu raba, na ce za mu yi magana da safe.