Gwandar bayan ɗakina da rigimar ganye da fure

Bara waccan na sayi gwanda a babbar kasuwar Garwa, irin ƙananan nan Solo da ake kawowa daga kudancin Kamaru wajen Njombe, daɗinta ya sa na ce wallahi sai na shuka. Na wanke 'ya'yan na murje santsin nan na jikinsu, na shanya a inuwa, na zuba a ledoji. Guda 9 na dasa a bayan ɗaki, daidai inda ruwan wanke-wanke yake bi, wai ni mai wayo ba sai na riƙa ɗaukar bido ina ban ruwa ba.

Da farko kam tubarkalla. Sai da Agusta ta shigo ruwa ya zauna kusan kullum, na ga ganye ya fara yin ruwan ɗorawa yana langaɓewa, ni kuma kai tsaye na ce yunwa ce, na je na sayo takin zamani na ure na zuba a gindi har da ƙari. Kwana 4 bakin ganyen ya ƙone kamar an babbaka. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu mai lambu a bakin Binuwai, shi na je na roƙa ya zo ya duba. Ko ganyen bai kalla ba, ya tsuguna ya tona gindin da yatsa, ya ɗebo ƙasar ya miƙo mini ya ce sunsuna. Wari kamar na kwata, saiwar ta yi baƙi-baƙi tana saɓulewa a hannu. Ya ce yaro, wa ya ce maka gwanda tana son kwana cikin ruwa? Na ce Baba ai na ɗauka taki take nema. Ya ce saiwar da ta ruɓe da me za ta ci takin. Guda 3 suka tafi, sauran na ja musu ƙasa na yi tudu, na karkatar da kwatar.

Ranar ne ya nuna mini cewa a fara duba wane ganye ne ya canza. In tsofaffin ƙasa ne suka yi ɗorawa gaba ɗaya kuma ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba, to wannan yunwar taki ce, don shuka tana janye abincin daga tsohon ganye ta kai wa sabo, kashin kaji da ya ruɓe sosai ya isa. In ɗaya ne ko biyu kawai to tsufa ne, a bar shi ya faɗi. In kuma sabon toho na sama ne ya yi fari-fari amma jijiyoyinsa na nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma yawan toka da ruwan sabulu suna jawo shi, ni kuwa duka biyun na tara musu. Da hunturu ya zo wani abu daban na gani, ɗigo-ɗigo a saman ganye, da na juya bayansa sai ga wasu ƙananan ƙwari jajaye kamar garin barkono, ruwan ganyen darbejiya na riƙa fesawa da yamma ta ƙasan ganyen.

Maganar fure ita ce ta fi ɗaure mini kai. Wajen wata 5 suka fara, ashe kala 3 ne. Namiji furensa ƙanana ne da yawa a kan dogon sili yana reto. Mace furenta babba ne manne da jikin icen. Sai ta ukun, mata-maza, furenta ɗan dogo, garin namiji da mahaifar duk suna cikin fure ɗaya, ita ke yi wa kanta barbara ba ruwanta da kowa, kuma 'ya'yanta dogaye ne, na mace kuwa kewayayyu. Ni na samu namiji 1, mace 2, mata-maza 3. Inna ta ce a buga wa namijin ƙusa zai koma mace, na buga har biyu don kar a ce na raina magana, yana nan namijinsa sai tsatsa da na ƙara masa, daga baya na sare shi.

Da zafin Afirilu ya kama, lokacin da ake haura 40, mata-mazan suka yi ta fure yana zubewa ba ɗa, hankalina ya tashi na kusa sake komawa wajen ure. Baba ya ce zafi ne yake sa furen ya fito ba mahaifa, in shimfiɗa ciyawa a gindi in jira damina. Haka kuwa aka yi.

Bana kam na ɗaure fure 2 na mata-maza da 'yar takarda tun kafin su buɗe, don kar ƙwari su kawo garin wata bishiya. Irin da ya yi wa kansa barbara ba ya ba da namiji, kusan biyu cikin uku mata-maza ne, sauran mata. 'Ya'yan suna cikin gwangwanin madara a saman kwaba, sai ruwa ya ja baya zan zuba, kuma can wajen katanga inda ƙasar ta fi yashi.