Filas ɗin da ƙanwata ta kwana uku tana gwadawa

Ƙanwata ce ta turo min hoton allon kwamfutarta da daddare, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, wai mene ne wannan kuma? Ni dai kada ta mutu min ana tsakiyar rubutun furojet." Saƙo ne mai sanar da ita cewa daga 14 ga Oktoba 2025 Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro na yau da kullum, kuma kwamfutarta ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Daga cikin sharuɗɗan akwai wani ɗan guntun kayan tsaro da ake kira TPM 2.0, ita kuwa tata tsohuwa ce, ba ta da shi. Ban da wannan, kwamfutar lafiyarta ƙalau. Batir ne kawai ya ɗan gaji.

Da a ce shekara goma baya ne ta yi min wannan tambayar, da kafin ta rufe baki na ɗora mata Linux, babbar manhajar da ke iya maye gurbin Windows, na miƙa mata. Na taɓa yin haka, kuma har yau ina jin kunyar abin. Wani abokina ya kawo min tasa yana kukan nauyi, ni kuma lokacin ina cikin ɗokin sabon shiga, kowa na gani sai na yi masa wa'azin buɗaɗɗiyar manhaja. A wajen girkawa akwai shafin da yake tambaya ko a goge faifan ajiya gaba ɗaya ko a zauna kusa da abin da ke ciki. Ban tambaye shi ko ya ajiye kwafi ba. Na danna na farko. Hotunan shekara huɗu da takardun aikinsa suka tafi cikin minti biyu. Bai yi faɗa ba, ya dai yi shiru yana kallon allon, wanda ya fi faɗan ciwo. Manhajar ta gargaɗe ni sarai, ni ne ban karanta ba.

Shi ya sa da ƙanwata na bi ta wata hanya. Ban ambaci sunan Linux ba ma a ranar farko. Na ce ta ɗauko takarda ta rubuta duk abin da take buɗewa a kwamfutar cikin mako guda. Ta kawo min abu shida: burauza, rubutu a Word, ɗan lissafi a Excel, kallon bidiyo, WhatsApp ta burauza, da buga takarda a firinta. A ganina wannan takardar ta fi duk wata muhawarar wane Linux ya fi wani muhimmanci, domin ita ce ke nuna ko mutum zai iya ƙaura ko ba zai iya ba. Wanda abincinsa ya dogara da Photoshop ko wata manhajar ofis da aka yi wa Windows kaɗai, gaskiya ita ce ya dakata, don Adobe ba ta fitar da Photoshop na Linux ba. Akwai GIMP, manhajar gyaran hoto da ke kan Linux, kuma tana aiki, amma duk wanda ya ce maka daidai suke bai yi maka adalci ba.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane ke tsallakewa. Tun tana kan Windows ɗinta na sa mata burauzar Firefox, da LibreOffice a madadin Word da Excel, da VLC don kallon bidiyo, na ce ta yi mako biyu da su. Dukkansu suna aiki a Windows da Linux. Dalilina shi ne, abin da ke korar sabon shiga yawanci ba babbar manhajar ba ce, maɓallin da ya saba gani a hagu ne ya koma dama. Idan ya riga ya saba da kayan aikin, ranar ƙaura ba zai ji kamar an jefa shi wani gari ba. A nan ne ma muka gano cewa wani tebur a babi na uku na furojet ɗinta yana ɗan gocewa idan aka buɗe shi a LibreOffice. Wannan abu ne sananne da fayilolin docx masu ado da yawa, musamman idan babu irin salon haruffan da aka rubuta su da shi. Muka daidaita cewa duk abin da za ta miƙa wa malami za ta mayar da shi PDF tukuna.

Sai maganar zaɓi. Ta leƙa intanet da kanta ta dawo a ruɗe: "Yaya, ashe Linux ɗin ba ɗaya ba ne? Na ga sunaye sun fi ɗari." Na yi mata bayani a taƙaice. Abin da ake kira Linux a asali zuciyar tsarin ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Kayan aikin da ke kewaye da ita da yawa sun fito ne daga shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983. Tunda lasisin ya ba kowa damar ya duba asalin rubutun, ya gyara, ya rarraba, sai ƙungiyoyi daban-daban suka riƙa haɗa nasu kunshin. Amma da yawa daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Debian ta fito a 1993, Ubuntu ta tsiro daga jikinta a 2004, Linux Mint kuma ta tsiro daga Ubuntu a 2006.

Ni dai Mint nake ba sabon shiga, kuma ba na ɓoye son kaina a nan. Fuskarta ta Cinnamon tana da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu da agogo a dama, inda idon mai Windows ya saba nema. An gina ta a kan Ubuntu mai dogon tallafi, wadda ake fitarwa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, a kula da ita shekara biyar. Fedora tana da kyau, sai dai kusan duk wata shida sabuwa ke fitowa, mai furojet kuwa ba ta da lokacin wannan. Arch kuma an yi ta ne don wanda ke son haɗa komai da hannunsa. Idan kwamfutar ta tsufa ƙwarai, RAM ɗinta bai wuce giga 4 ba, akwai Mint mai fuskar Xfce da ta fi sauƙin nauyi. Iyakar abin da na gaya mata ke nan, sauran sunayen na ce ta manta da su.

Abin da na fi so a duk harkar shi ne ba sai ka girka ba kafin ka gani. Muka sauke fayil ɗin daga shafin Mint na ainihi, muka rubuta shi a filas mai giga 8 da wata manhaja mai suna Rufus, muka kunna kwamfutar muna danna F12 har jerin zaɓi ya fito. A wasu kwamfutocin Esc ne ko F9, ya danganta da kamfanin da ya ƙera. Mint ta tashi daga filas ɗin kai tsaye, ba ta taɓa komai a faifan ajiya ba. Na bar mata shi kwana uku da sharaɗin ta gwada komai: Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken allo, rufe murfi a buɗe a ga ko za ta farka, da firinta. Firintar ta ba ni mamaki, ana haɗa waya ta gane ta. Wi-Fi ne ya ƙi. Ta kira ni rai a ɓace, na ce ta haɗa wayarta da kebul ta ba kwamfutar intanet ta nan, sannan ta buɗe manhajar kula da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki. Direban katin Wi-Fi ɗin yana nan a jere yana jiran a danna. Da mun girka kai tsaye ba tare da gwaji ba, da a ranar za ta ce a mayar mata da abinta.

Ranar girkawa na tsaya a kanta sai da ta kwashe komai zuwa faifan waje, sannan na sa ta buɗe fayiloli biyar daga can a gabana don mu tabbatar kwafin yana aiki. Ta ce na cika tsanani. Na ba ta labarin abokina, ta yi shiru. Muka zaɓi a zauna kusa da Windows, ba gogewa ba, don idan wani abu ya taso a makaranta tana da wurin komawa. Kafin nan mun kashe saurin farawa na Windows, domin yana barin faifan a rabin barci har Linux ta kasa rubutu a ɓangarensa. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, kuma ya tabbata ya rubuta lambar ceto a takarda kafin ya taɓa komai. Bayan an gama, abu na farko da na kunna mata shi ne Timeshift, mai ɗaukar hoton tsarin don a iya komawa baya idan sabuntawa ta ɓata wani abu. Baƙar tagar rubuta umarni kuwa ban nuna mata ba sam. Na dai ce duk umarnin da ta gani a intanet mai farawa da sudo, kada ta kwafa ta liƙa sai ta san abin da yake yi, don da shi ake ba umarni ikon taɓa ko'ina.

Bayan kusan wata guda ta sake turo saƙo, wai duk lokacin da ta shiga Windows daga Mint sai ta tarar agogo ya goce. Na yi dariya, don ni ma ya taɓa ruɗa ni. Linux tana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin wurin da kake, sai kowacce ta riƙa gyara na 'yar'uwarta. Na ce gyaran layi ɗaya ne, zan zo in yi mata ranar Asabar. Ta ce in bari kawai, ai sau biyu ta shiga Windows ɗin tun da aka girka, kuma na biyun ma don ta duba agogon ne.