Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Yadda Na Shiga Ajin Yaƙi da Jahilci

A makon jiya na tsaya a inda na fita takabar Malam, matan layinmu suka ɗora mini riƙon adashi. To, a nan ne rashin boko ya fara ci mini tuwo a ƙwarya.

Lissafi dai na iya. Wadda ta tsufa tana sayar da man gyaɗa a kasuwar Tudun Wada ba a cutar ta a canji. Amma adashi daban ne: kowacce da ranar ɗaukarta, wata ta kawo rabin zubi ta ce sai Juma'a za ta cika. Da gawayi nake jan layi a bayan ƙofa, kuma yana yi mini. Sai ga canjin kuɗi na farkon 2023, takardar naira ta ɓace, kowa ya koma turawa ta waya. Saƙon banki ya shigo, dole in kira yaron maƙwabta ya karanta mini, kafin la'asar duk layi an san abin da ke asusuna. Har masu neman rance suka fara zuwa da adadin da suke so daidai da abin da ya shigo. Wannan tonon asirin ne ya kai ni aji, ba sha'awar satifiket ba.

Abin haushin, a Zariyar nan aka haife ni, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Baba yakan ba mu labarin ajin manya na shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan da Yaƙi da Jahilci, hukumar wallafa littattafai ta Arewa, wato NORLA, tana buga musu ƙananan littattafai a nan garin. A can ya koyi karanta jarida. Amma mu 'ya'yansa mata, allo kawai ya ba mu. Allah ya jiƙansa, haka zamaninsu yake.

Ajinmu a wata firamare ake yi, da yamma bayan yara sun tashi. Bencin ya yi mana kaɗan, gwiwoyi suna kuka. Malamarmu sa'ar autata ce, amma ban taɓa kiran sunanta ba, Malama nake cewa. Ita kuma ta ce, "Inna, ai ke kin yi rabin tafiya. Wadda ta san baƙi da wasali a allo, ba, bi, bu ba zai gagare ta ba. Hannun ne kawai za ki juya, boko daga hagu yake tashi." Gaskiyarta. Mu da muka yi allo mun riga sauran haɗa kalma, sai dai fensir ya daɗe yana gardama da yatsuna.

Kowacce da abin da ya kawo ta. Wata tana son gane lambar ɗaki da rubutun katinta idan ta je asibitin Shika, wata aikin makaranta na 'ya'yanta ne ya isheta da kunya. Ni roƙon Malama na yi ta fara mini da lambobi da sunayen mutane. Kafin azumi na sayi littafi mai layi, na rubuta sunan kowace 'yar adashi da hannuna, na wanke bayan ƙofa.

Littafin nan ne ya haɗa ni rigima da aminiyata ta ƙuruciya, ranar da ta rantse ta yi zubin da ba ta yi ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.