Daga Maraɗi zuwa Kano: zumuntar falon Baba

Ni mutumin Maraɗi ne, a EERN, wato ikilisiyar bishara ta Jamhuriyar Nijar, na tashi. Neman abinci ya kawo ni Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, na samu aikin lodi a kasuwar Singa, wajen 'yan kasuwarmu na Nijar da ke zuwa saro kaya. Harshe bai ba ni wahala ba, lissafin naira da sefa ma ban daɗe ba na ƙware. Matsalar tana wani wuri. A kasuwa duk wanda ya ji Hausata sai ya ɗauka za mu haɗu a sahu, a Sabon Gari kuwa wasu majami'un da Turanci ake yin komai, ni kuma ɗan bokon da na taɓa na Faransanci ne. Akwai sujadar Hausa a majami'ar ECWA, ina zuwa, amma cikin taro mai yawa wa zai lura da ɗan dako? A tashi, kowa ya tari adaidaita sahu ya kama gabansa.

Wata mai sayar da abinci ce ta kai ni gidan wani da ake ce wa Baba a unguwar Birget. Tela ne, ɗan ƙauyukan Kano, bai taɓa shiga makarantar fastoci ba. Ran Laraba da yamma ake ture keken ɗinkinsa gefe, Mama ta shimfiɗa tabarmi, a raba littattafan waƙoƙi da bangonsu ya sha ɗinki da zare. Ba ganga, ba lasifika. A yi waƙa a hankali, wani ya karanta nassi, kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Baba kan tuna mana cewa Bilkisu da Akila ma a gidansu ikilisiya take taruwa, yana nan a Littafi Mai Tsarki, Romawa sura 16.

Shugabancinsa ne ya fi ɗaure min kai. Ba ya yin baftisma, ba ya ba da jibin Ubangiji, ba ya ɗaura aure. Ya ce wannan aikin fasto ne, kowa ya je majami'arsa ran Lahadi. Amma ya san wanda kuɗin hayarsa ya ƙare, da wanda matarsa ta yi yaji. Baikon, wato kuɗin da ake tarawa a gwangwanin madara, Mama ke ƙirgawa a gaban kowa.

Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Yamai, motocinmu suka daina zuwa, aiki ya tsaya cak. Daga gwangwanin nan aka auna min masara. Baba ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, gobe ka zo shago, ko maɓalli ne ka riƙa sa min."

Mun taɓa samun saɓani. Wani matashi ya kawo shawarar a kafa allo a ƙofa, a raɗa wa taron suna, a sayi lasifika don bishara ta fita waje. Baba ya ƙi. Ya ce maƙwabcin da ke aiko mana da naman layya, ba za mu saka masa da hayaniya ba. In ana son a yi shaida, a je dubiya, a je gaisuwar mutuwa. A lokacin na ga kamar tsoro ne ya hana shi, har yanzu ma ina ganin akwai ɗan wannan a ciki. Matashin ya koma wata majami'a a Sabon Gari, amma in Laraba ta yi yakan leƙo, shi ke ɗaga mana waƙa.