Lissafin Farin Jini a Manhajar Haɗa Aure

Aikin da aka ba ni a nan Katsina shi ne in tsara lissafin da wata ƙaramar manhajar haɗa aure za ta bi wajen zaɓen wanda za ta nuna wa mai nema. Kafin in taɓa bayanan jama'a, sai na ƙirƙiri maza 1,000 da mata 1,000 na gwaji da harshen kwamfuta na Python, kowa da maki 1,500.

Na soma da tsarin Elo, wanda Arpad Elo ya ƙirƙiro don auna gwanintar 'yan wasan darar Turawa. Manhajar neman masoya ta Tinder ta yi aiki da shi, sai a 2019 ta ce ta daina dogaro da shi. Wanda aka nuna ana so ya ci wasa, wanda aka wuce an cinye shi. Da na sa ma'aunin K, wato iyakar makin da za a iya samu ko rasawa a wasa ɗaya, a 32, mai maki 1,500 yana ƙaruwa da 16 in tsaransa ne ya so shi. In mai 1,900 ne, kusan 29 zai samu, in kuwa mai 1,100 ne, kusan 3 kawai.

Matsalar ta ɓullo ne da na bar manhajar ta riƙa sa masu maki da yawa a gaba. Wanda mutum biyar na farko suka wuce shi sai makinsa ya faɗi, a rage nuna shi, kuma tunda ba a ganinsa, ba ta inda makin zai gyaru. Saƙonni kuma suka taru a kan tsirarun da ba za su iya amsa su ba. Abin nan yana faruwa a zahiri. A 2018 Elizabeth Bruch da Mark Newman na Jami'ar Michigan sun auna saƙonnin wani shafin neman masoya a birane huɗu na Amurka da PageRank, lissafin da Google ta yi amfani da shi wajen jera shafuka, suka ga mutane na neman wanda ya fi su farin jini da kimanin kashi 25 cikin ɗari, kuma wata mace a New York ta samu saƙo 1,504 a wata guda.

Sai na daina ƙirga yawan masu so, na koma raba su da yawan waɗanda suka ga mutum. Don kada wanda mutum ɗaya ya gani kuma ya so ya haye sama, na ƙara wa kowa gani 20 na aro, wato kamar mutum 20 sun riga sun gan shi, sun kuma so shi daidai da matsakaicin kowa da kowa. Na ware kashi ɗaya cikin biyar na guraben jerin da ake nuna wa mai nema ga sababbi da waɗanda aka daɗe ba a nuna ba, na kuma ƙayyade saƙon farko zuwa biyar a rana.

Shiru ne ya fi ba ni aiki. A wurinmu yarinya kan yi kwanaki ba ta amsa ba saboda data ta ƙare, ko tana jiran shawarar iyaye, ko kunya. Lissafin da ya ɗauki wannan a matsayin ƙi ya zalunci saurayin, ita ma ya yi mata ƙarya. Don haka ba a rage maki sai an danna "a'a" ƙarara.

Jinotaif kuwa ban yarda ya shiga maki ba. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, saboda haka tun kafin a fara jera mutane ake raba su, komai farin jininsu.